Takardar Ranar Alhamis

Mako na biyu da buɗe makaranta

Zuwa ga Goggo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida. Yaya ƙafa? An ce har yanzu tana taɓa ki in kin daɗe a tsaye, Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau, Inna ma hawan jinin ya sauka, ta ce in gaishe ki.

Na san za ki juya takardar nan ki ce wace ce kuma. Auta ce, autar marigayi yayanki ɗan wan babanki, wadda kika taɓa kamawa a bayan ƙofa da gwangwanin madara, baki duk ya yi fari. Rabona da ke tun rasuwar Baba, shekara shida ke nan, kuma ba ni da bakin kare kaina. Na so in kira ki, aka ce kunne ya yi nauyi, kin jefa waya a durowa, sai dai takarda. Direban da ke bi ta wajenku duk Asabar ya yarda zai riƙa kai miki.

Goggo, na shiga uku ne. Shekara huɗu ina koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata, ba ruwana da kowa. Ranar da aka dawo hutu shugaba ta kira ni ta ce daga yau ni ce malamar ba da shawara, wai don ina da fara'a. Ta ba ni mukullin wani ɗaki da a da sito ne, karyayyun kujeru har rufi, da ɓera ɗaya da ya riga ni kama aiki. Ta kuma sa mini minti arba'in duk mako a kowane aji. Aji uku kaɗai yara saba'in da huɗu ne.

Makon farko na ce musu su yi karatu, su bi iyaye, su guji ƙawayen banza. Na duba agogo, minti tara. Sauran lokacin suna kallona ina kallonsu. Wata ta tambaya ko wannan yana fitowa a jarrabawa, na ce a'a, rabin ajin suka kifa kai.

Na bincika intanet har idona ya yi ja. Darussa kam ga su nan, amma duk sai an ce a zauna a da'ira a kan kafet, a kunna majigi, a raba wa kowace yarinya takarda mai launi da almakashi. Almakashi saba'in da huɗu a hannun 'yan aji uku, ai sai dai a kira motar asibiti tun da wuri.

Mijin Yaya babba ne ya ba ni kwatancen gidanki. Ya ce shekara ashirin da biyu kika yi a wannan aiki, kuma ba wanda ke da littattafan darasi irin naki. Don Allah ki taimaka mini da su, ko aro ne.

'Yarki,
Auta


Asabar, da hantsi

Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma gane ki, gwangwanin madarar ma ban manta ba. Ƙafa da sauƙi. Kunne kuwa yana jin abin da ya ga dama, kuma hakan ya rage mini yawan baƙi. Ki gaida Innarki, ki ce ta rage gishiri da tunani.

Na karanta takardar sau biyu. A karo na farko na yi dariya. A karo na biyu na tsaya a layin ƙarshe, dariyar ta koma ciki. Shekara shida ba gaisuwa ba aike, ranar da aka tuna da ni kuma sai ga sunan mijin yayarki a ciki, mai jakar fata. Ko ba ki san abin da ke tsakanina da shi ba, ko kuma kin sani kina gwada ko tsufa ya ci ƙwaƙwalwata.

In ba ki sani ba, ga shi. Shekarar da na ajiye aiki ya zo gidan nan ya durƙusa har ƙasa, ya ce in ba shi aron littafi ɗaya, zai nuna wa sababbin malamai a wajen bita. Bayan wata biyar wata tsohuwar ɗalibata ta kawo mini ɗan littafi mai bango kore, an buga a ofishinsu na ilimi. Darussana ne daga farko har ƙarshe, har da inda na yi kuskuren rubutu. Sunansa ne a bango, da hotonsa yana murmushi. Da na aika masa, cewa ya yi ai ilimi na kowa ne. Littafin nawa ma har yau bai dawo ba.

Saura littafi goma sha ɗaya a cikin kwali a ƙarƙashin gadona, kuma ya san adadinsu, don ya leƙa ranar. Na san ba zai sake zuwa da ƙafarsa ba. Ya fi sauƙi a turo mini marainiya mai fara'a da labarin ɓera.

Saboda haka ki amsa mini, kada ki yi kwana-kwana. Ke kika je wurinsa ko shi ya zo wurinki? Wa zai ga abin da zan aiko ban da ke? Kuma wace irin shugaba ce ke ɗaukar malamar labarin ƙasa rana tsaka ta ɗora mata asirin yara ɗari huɗu? Ni kafin a ba ni ɗaki sai da na yi shekara guda ina zama a bayan wata tsohuwar malama ina kallon yadda take yin shiru.

Goggonki


Mako na huɗu

Goggo,

Bayan gaisuwa da fatan ƙafa ta ƙara sauƙi. Inna ta ji saƙonki, ta ce gishiri za ta rage amma tunani sai kin zo kin karɓa da hannunki.

Wallahi takardarki ta ɓata mini rai. Ban san komai a kan littafi mai bango kore ba, lokacin ina makarantar horon malamai, kuma kin san gidanmu, ba a gaya wa auta komai sai aike. Ni na je gidan Yaya ina kukan halin da nake ciki, shi yana zaune yana cin abinci, ya ce in neme ki. Iyakar sa hannunsa ke nan. Da na koma na tambayi Yaya labarin, sai ta hau share teburin da ba shi da datti, daga nan na gane gaskiya kika faɗa. Amma ni ba 'yar aiken kowa ba ce.

Wa zai gani? Ni, sai shugaba. Ta ce duk darasin da na yi in rubuta in sa a fayil, ƙarshen zango a kai ofishin ilimi a sa hannu, haka ake yi wa kowane malami. Ban ɓoye miki ba don kada gobe ki ji a wani wuri.

Game da shugaba kuwa, ba mugunta ba ce. An aiko takarda cewa dole kowace makaranta ta kasance da mai ba da shawara, ta duba jadawali ta ga ni ce mai guraben da suka fi yawa. Yanzu ta ce ranar Talata ta sama za ta shigo aji uku ta zauna a baya ta ga abin da nake yi. In ta tarar da wa'azin minti tara, na kaɗe.

Kuma ba don ita kaɗai ba. Na kwashe kujerun nan da hannuna, na share ɗakin, na sa labule da tabarma. Mako uku ina zaune ƙofa a buɗe. Yarinya ɗaya ce ta taɓa shigowa, ita ma alli aka aiko ta nema. Amma ina ganinsu a aji, Goggo. Akwai wadda ke barci kullum, akwai wadda ta daina wanke hijabinta, akwai wadda ba ta zuwa wata rana a mako, ana dukanta washegari, ba ta ko ɗaga kai. Ban san yadda ake sa su buɗe baki ba. Ba littafi goma sha ɗaya nake roƙo ba. Darasi ɗaya tak ki aiko mini, in kin ga na ci amana ki yafe ni.

Auta


Asabar

Auta,

Ina amsa gaisuwarki. Lafiya muke, sai zafi.

Na ji bayaninki. Na kuma lura fayil ɗin naki ofishin ilimi za shi, wato teburin da ke kusa da na mai jakar fata, in ma ba nasa ba ne. Kin ce ba ki ɓoye ba. To, wanda ya iya shiri ma haka yake yi, ya faɗi rabin gaskiya da wuri don kada a tambayi sauran. Ba cewa na yi ƙarya kike ba. Cewa na yi ni tsohuwa ce da aka taɓa cuta.

Duk da haka ga darasi ɗaya, na kwafo miki da hannuna. Shi na fi amfani da shi a farkon shekara, kuma ba ya buƙatar kafet.

Ki samu kwali ki huda samansa. Ki yanka takardu girmansu ɗaya daga littafi ɗaya, kada kowa ta yago daga nata. Ki ce kowa ta rubuta abu ɗaya da ke damunta wanda ba ta taɓa gaya wa malami ba, kuma ba a sa suna. Dole kowa ta rubuta, ko da layin banza ne, kuma dole kowa ta ninke sau biyu ta jefa, don kada a gane mai damuwa daga marar damuwa. Kada ki zagaya tsakanin benci suna rubutu. Ki tsaya a taga ki ba su baya, ki ƙirga minti goma. Za ki ji ajin ya yi wani irin shiru da ba ki taɓa ji ba.

Abin da ke cikin kwalin nan shi ne manhajarki ta shekara. Ba intanet, ba littafina, ba ɗan littafi mai bango kore da zai gaya miki abin da ke cin yaranki kamar su da kansu. Idan yara suka ji ana karanta damuwa irin tasu, suka ga ba su kaɗai ba ne, daga nan ƙafa take fara zuwa ɗakinki. Sauran bayanin yana cikin shafukan da na haɗo.

Ki gwada, ki rubuto mini yadda aka yi. Zan kuma sa ido in ga inda darasin zai ɓulla.

Goggonki


Mako na shida, Juma'a

Goggo,

Ina gaisuwa. Ba zan tsawaita ba.

Na yi darasin ranar Talata. Kwali, takardu iri ɗaya, na ba su baya a taga, komai yadda kika rubuta. Shirun da kika faɗa ma na ji shi. Shugaba tana zaune a baya da takardarta. Da suka gama saura minti ashirin, na buɗe kwalin na fara karantawa, tunda kin ce sai sun ji ana karanta damuwa irin tasu. Ta farko tsoron lissafi, aka yi dariya. Ta biyu ƙawarta ta daina yi mata magana. Ta uku ba ta da takalmin wasanni. Ajin ya natsu, har masu barci suka tashi zaune.

Ta bakwai ce. Ga abin da ke ciki: “Kowace Alhamis ba na zuwa makaranta, Juma'a a dake ni. Ba yawo nake zuwa ba. Babana yana gidan yari wata bakwai, muna cewa ya tafi aiki nesa. Alhamis ce ranar ziyara, ni nake kai masa abinci don mamata ba za ta iya barin keken ɗinki ba. Ina so a daina dukana amma ba na so a sani.”

Goggo, a aji uku mutum ɗaya ce ba ta zuwa ranar Alhamis, kuma ba wanda bai sani ba. Kafin in sauke takardar kawuna saba'in da uku sun juya layin taga. Ba ta yi kuka ba. Ta tattara littattafanta ɗaya bayan ɗaya, ta sa a jaka, ta wuce ta gabana ta fita. Laraba ba ta zo ba, yau ma ba ta zo ba. Jiya na tarar an rubuta “'yar fursuna” da alli a kan bencinta, na goge da gefen mayafina. Dokar makarantar nan, wadda ta yi mako huɗu ba ta zo ba ana cire sunanta daga masu jarrabawar fita. Ita ce ke zuwa ta uku a ajin wajen ƙoƙari.

Yanzu ga tambayata. Da na dawo na sake duba shafukan da kika haɗo, ina neman inda na kauce. Shafi biyu ne. Amma a ƙarƙashin ƙarfen da ya riƙe su akwai ɗan guntun takarda, kusurwar wani shafi da aka yage. Shafi na biyu ya ƙare a kan yadda ake tattara kwali, ba a ce komai a kan yadda ake buɗe shi ba. Mace mai shekara ashirin da biyu a aiki ba za ta manta wannan ba. Direba ya rantse bai taɓa ambulan ɗin ba, kuma a liƙe na karɓa.

Me ke cikin shafi na uku, kuma wa ya cire shi?

Auta


Asabar

Auta,

Na ga takardarki. Allah ya kyauta.

Wa ya ce ki karanta a gabansu? Nuna mini layin da na rubuta haka. Ko mai sayar da magani ya san ba a buɗe asirin mutum a kasuwa, balle malama. Kin ɗauki abu mai kaifi kin yi wasa da shi don shugaba ta yaba miki, yanzu kuma kina neman tsohuwar da za ki rataya wa. Guntun takarda kuma, ni ina da tarin takardu, ban san kowace kusurwa ba.

Ki je ki nemo yarinyar mutane.

Goggonki


Bayan mako biyu

Auta,

Assalamu alaikum. Asabar biyu ina fita bakin titi da sandata, direba yana ɗaga mini hannu wayam. Na san lafiyarki lau, don na tambaye shi. Shirun naki ne amsa, kuma na cancanci shi.

Ni na cire shafin. Na kwafe shi, na haɗa, na sa a ambulan, sannan na sake fito da shi na yage. Ga abin da na saƙa a raina: in ke 'yar aike ce, darasin zai fito a wani ɗan littafi ba tare da ƙarshensa ba, ni kuma in kama ku dumu-dumu, in nuna wa duk dangi. In kuma da gaske kike, ai za ki ga bayanin bai cika ba ki rubuto ki tambaya. Na san Talata za ki shiga aji, na san direba sai Asabar, amma ban haɗa biyun a kaina ba. Ina yage shafin nan fuskar mutum ɗaya nake gani, mai jakar fata. Yara saba'in da huɗu da kika ƙirga mini, ko ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba. Shekara ashirin da biyu ina gaya wa sababbin malamai cewa yaro ake fara dubawa kafin komai. Kunya ta hana ni barci, ta kuma sa na rubuto miki waccan takardar ta rashin kunya.

Ga abin da ke shafin. Ba a buɗe kwali a aji. Ana kai shi ɗaki a rufe ƙofa. Kowace takarda a sake rubuta ta da hannun malama, a cire rana, a cire sana'a, a cire duk abin da zai nuna gida. Ta asali a ƙone. Abin da aka samu a aji uku, a aji ɗaya ake karanta shi, bayan mako biyu. Takarda mai nauyi irin wannan kuwa ba a karanta ta ko'ina. Malama takan san mai ita, sai ta nemi hanya a hankali, ta gyara abin da ake iya gyarawa ba tare da ta nuna ta sani ba. A nan, da kin je wurin mai horo kin ce kin ɗauke wa yarinyar dukan Juma'a, shi ke nan.

Na lissafa, kwanaki kaɗan suka rage mata. Ki je gidansu da rana, ke kaɗai, ba da rajista a hannu ba, ba da saƙon shugaba ba. Uwar za ki fara gani, don ita ma an tona ta. Kada ki ce kuskure aka samu, ki ce ni na yi. Kada ki kawo zancen jarrabawa a zuwan farko, sun fi ki sanin ranarta. In sun kore ki, ki tafi, ki dawo. In kina so ki ce wata tsohuwa ce ta ba ki rabin darasi, ki faɗa, gaskiya ce, na yarda a zage ni.

Kwalin littattafan yana wurin direba, duka goma sha ɗaya. Ki kai su duk ofishin da kika ga dama.

Goggonki mai laifi


Mako na goma

Goggo,

Wa alaikumus salam. Ina fatan ƙafa ba ta tashi ba saboda tsayuwar bakin titi. Kwali ya iso lafiya, yana cikin durowar da nake kullewa, kuma ba inda za shi. A fayil ɗin shugaba kan darasi kawai nake rubutawa.

Na yi fushi da ke ƙwarai, kuma fushin ya yi mini daɗi, don muddin ina jin haushinki ba sai na dubi kaina ba. Zan zo kan wannan.

Na je gidan sau uku. Ɗaki biyu ne a bayan wani shagon gyaran babur, keken ɗinkin yana bakin ƙofa. Zuwan farko uwar ba ta ko ɗaga ƙafa daga keken ba. Ta ce, “Ke ce malamar? Wata bakwai ina rufa wa gidan nan asiri da allura da zare, ke kin yaye shi a minti ɗaya. Mata uku sun zo sun karɓe ɗinkinsu ba a gama ba. Me kuma kika zo ɗauka?” Na ce ba komai, ni na yi, na zo in faɗa ne. Ta ce to kin faɗa. Na tafi.

Zuwa na biyu ta turo mini kujera da ƙafa, ba ta ce in zauna ba, na zauna. Na yi awa guda ina tsinke mata zaren wani siket. Yarinyar tana ciki, ina jin motsinta a bayan labule. Na gaya wa uwar an hana dukan Juma'a, kuma duk wadda ta sake rubutu a benci shugaba da kanta za ta ji da ita. Ban ambaci sunanki ba.

Zuwa na uku yarinyar ta fito. Ta rame. Ta tsaya a jikin ƙofa ta ce, “Malama, tambaya ɗaya zan yi miki, kuma kada ki yi mini irin maganar malamai. Da kika karanta layin farko, kin san ni ce ko ba ki sani ba?”

Goggo, wannan ne ban rubuto miki ba. Na sani. Ina cewa “kowace Alhamis” na san ko wace ce, ni da na ba ki labarinta da kaina. Akwai layi huɗu a gaba, da na ninke takardar na ce rubutun bai fito ba, da an wuce. Amma ajin ya yi tsit yana saurarona karo na farko tun da aka ba ni aikin nan, shugaba tana gyaɗa kai tana rubutu, ni kuma daɗi ya ɗebe ni, bakina ya ci gaba. Shafinki na uku da ya hana ni buɗe kwalin, gaskiya ne. Amma ba shafi nake buƙata ba a wannan daƙiƙar.

Na gaya mata haka, ban rage komai ba. Ta ce, “Na gani a fuskarki ranar. Da kin ce ba ki sani ba, da ba zan koma ba.” Ta shige ciki.

Ranar Litinin ta dawo makaranta, saura kwana ɗaya a cire sunanta. Ta koma bencin ƙarshe, ba ta magana da kowa, a darasina kuma ba ta ɗaga kai. Ban matsa mata ba. Ɗakina har yanzu ba mai shiga, sun ma daina bi ta gaban ƙofar, zagayawa suke yi ta bayan famfo. Ban ga laifinsu ba.

Jiya bayan an tashi ina kulle taga, sai na ga yarinyar tsaye a bakin ƙofa, jaka a kafaɗa, ƙafarta ba ta taɓa tabarmar ba. Ta ce akwai wata a ajinsu da ke cikin wani hali, tana son ta gaya wa babba, ta nemi shawararta ko ta zo wurina.

Na ce, “Me kika ce mata?”

Ta ce, “Na ce mata ta dakata tukuna. Ina kan duba ki.”

Ki yi mini addu'a, Goggo.

'Yarki,
Auta